Alhaji Alhassan Ɗantata: Falken da ya kai wa banki azurfa kayan raƙumi ashirin

Yau na ɗauko tarihin marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu a 1955 yana matsayin attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Abin da aka fi tunawa da shi a kansa abu biyu ne: dalar gyaɗa, da kuma ranar da ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin bankin Turawa a Kano, a shekarar 1929. Ni wannan azurfar ce ta ja hankalina, domin ragowar irinta tana nan kwance a adakar iyayenmu mata a Zongo da Houéyiho, kuma a yau akwai masu tara tsofaffin sulalla a duniya da suke nemanta da kuɗi mai kauri. In mutum ya bi rayuwar Ɗantata zai ga yadda kuɗi ya canza kama a hannun Bahaushe har sau huɗu, zai kuma gane abin da ke cikin adakar gidansu.

Maraya a Bebeji

An haifi Alhassan a garin Bebeji, ƙasar Kano, a shekarar 1877. Danginsa Agalawa ne, wato zuriyar fataken nan da suka yi suna wajen fataucin goro. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne mai jan ayari zuwa Gwanja. Mahaifiyarsa Fatima, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta.

Yana ɗan shekara takwas mahaifinsa ya rasu. Uwar ta koma Ankara, babban birnin Gana na yanzu, ta ci gaba da kasuwancinta a can, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Sunan wannan tsohuwa ne ya bi shi, mutane suka riƙa ce masa ɗan Tata. Ka ga ikon Allah: sunan da yau ke rubuce a kan manyan kamfanoni, asalinsa sunan baiwa ce da ta riƙi maraya da amana.

Gadon da ya samu bai taka kara ya karya ba. Ya yi karatun allo, ya yi almajiranci, ya yi wa malaminsa aiki kamar sauran yara. A hannun Tata ya koyi ajiya a asusu: abin da ya samu, ya ci kaɗan, ya jefa saura. Yana saurayi ya bi ayarin Gwanja har ya kai ga mahaifiyarsa a Ankara. Ita kuwa ba ta shagwaɓa shi ba, sai ta miƙa shi wajen wani malami ya ci gaba da karatu da neman na kansa. Daga baya ya komo Bebeji.

Sai basasar Kano ta ɓarke. Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, aka naɗa ɗansa Tukur, ɓangaren Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda. An kai har 1895 ana gwabzawa, kafin mulki ya tabbata a hannun Sarki Alu. Yaƙin ya ci garuruwa da dama, an kama mutane an sayar. Masu tarihin gidan sun ruwaito cewa Alhassan da 'yan'uwansa biyu, Bala da Sidi, suna cikin waɗanda aka kama, daga baya suka samu fansa. Wanda ya ga irin wannan yana ƙasa da shekara ashirin, ba sai an yi masa wa'azi a kan amfanin ajiya ba.

Zamanin wuri da liyari

Kuɗin da Alhassan ya buɗe ido ya gani shi ne wuri. Ita kanta kalmar kuɗi asalinta jam'in wuri ce. Wannan wurin kuwa ta gaɓar tekun nan tamu yawancinsa ya shigo: jiragen Turawa suna ɗauko shi daga tsibiran Maldib, daga baya kuma daga gaɓar Zanzibar, su sauke a tashoshi irin su Ouidah da Legas, fatake su haura da shi arewa. Matsalar wuri nauyi. Wuri dubu 20 ne ke cika keso guda, kuma da yawansa ya ƙaru sai darajarsa ta yi ta faɗuwa, har ya zama kuɗin ɗaukarsa zuwa gari mai nisa yana cinye wani kaso mai yawa na abin da aka ɗauko.

Don haka manyan fatake suka fi son liyari. Shi ne babban kuɗin azurfar nan mai hoton wata mace a gefe ɗaya, da gaggafa mai kai biyu a ɗaya gefen. Matar ita ce Mariya Taresa, sarauniyar ƙasar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Ta hanyar Tarabulus da Barno liyari ya riƙa shigowa ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza guda ɗaya a kan wuri 2,500. Turawa suna kiran irin wannan kuɗi tala ko dola, daga nan muka samo kalmar dala. A Kano dala ta koma sule biyu, mu kuwa nan ƙasashen sefa har gobe in muka ce dala, sefa biyar muke nufi.

Hanyar Gwanja da su Alhassan suka gada ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Ayarin goro daga Kano da Sakkwato yana ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta garuruwa irin su Nikki da Parakou da Djougou, kafin ya kai Salaga. Duk inda ayari ya saba sauka ana ce masa zango, kuma daga nan unguwanninmu suka samo sunan Zongo. Tafiya ce ta watanni, da jakuna da 'yan alaro, ga kuɗin fito a kowane gari, ga 'yan fashi, ga goro da ke son a riƙa buɗe shi ana yayyafa masa ruwa ana canza ganye.

Alhassan ya duba ya ga akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi. Ya riƙa sayen goro a Kumasi, ya sauko da shi Sekondi ko Ankara, ya zuba a jirgin ruwa zuwa Legas. Jiragen nan ta gaban Kwatano suke wucewa. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, goro ya isa da ɗanyensa, jari ya riƙa juyawa sau da yawa a shekara. Yana cikin Hausawan farko da suka kama wannan hanya da gaske. Wajen 1906 ya ƙara da sayar da duwatsun ado da tsakiya da yadin Turawa.

Jirgin ƙasa, gyaɗa da sule

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Suka zo da nasu kuɗin, suka ce da shi za a biya haraji. Sunayen da kakanninmu suka raɗa musu suna nan a bakin tsofaffi: anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, fataka, fam. Anini da ɗari da kwabo masu huda ne a tsakiya, kuma babu azurfa a cikinsu. Azurfar tana farawa daga taro, wato kwabo uku, sai sisi, sai sule, sai fataka mai sule biyu.

Da fari kuɗin azurfar Ingila ne zalla ke yawo, masu kan Sarauniya Biktoriya da Sarki Edward na bakwai. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a Landan, a 1913 ta fito da nata sulallan domin Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Gefe ɗaya kan Sarki Joji na biyar, ɗaya gefen sule da fataka kuwa itacen kwakwar manja. Azurfarsu mai kyau ce, kashi 925 cikin 1,000.

A daidai wannan lokaci jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1911. Kamfanonin Turai suka ga gyaɗar Kano za ta iya kaiwa teku cikin sauƙi, daga 1912 ciniki ya buɗe. Alhassan ya tattaro ya dawo birni, ya zauna a unguwar Sarari. A 1918 kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya narke cikin UAC, ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Nan fa fataucin goro ya yi masa rana. Yana da yara da abokan hulɗa a ƙauyuka, ya san wanda za a ba jari ya dawo da shi, ya san manomi tsabar kuɗi yake so a hannu. Ya riƙa raba wa wakilansa kuɗi tun kafin kaka, su bazu cikin ƙasa su tattaro masa. Zuwa 1922 ya sha gaban manyan attajiran Kano na lokacin, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo. Buhunan gyaɗar da ake jerawa kamar dutse suna jiran taragon jirgi, waɗanda aka sani da dalar gyaɗa, da sunansa ake danganta farkonsu. A farkon shekarun 1920 ya sauke farali, ya tafi Makka ta jirgin ruwa.

Me ya sa azurfa ta taru a ɗakinsa?

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa azurfa ta yi tsada a duniya. Hukumar kuɗi ta fara buga takardun kuɗi a 1916, da ƙarancin tsaba ya yi tsanani har takardar sule ɗaya aka fitar. Mutanen arewa ba su so ta ba. Gara tana ci, ruwa yana ɓatawa, gobara tana lashewa, kuma a kasuwa mai takarda sai ya yi ragi kafin a karɓa. A 1920 aka rage azurfar sulallan zuwa rabi, a cikin shekarar kuma aka daina sa ta gaba ɗaya, aka koma buga su da gaurayen ƙarfe mai ruwan tagulla. Suna ɗaya, hoto ɗaya, amma duk ɗan kasuwa ya san bambancin farin sule da jan sule.

To, abin da mutane ke yi a ko'ina shi suka yi: a kashe ja, a ɓoye fari. Wasu suka binne a tukunya, wasu suka kai wa maƙeran farfaru aka yi musu mundaye da zobba da warwaro. Mutumin da cinikinsa ya ratsa ƙasar Kano gaba ɗaya kuwa, dole farin ya yi ta taruwa a wajensa.

A 1929 Alhassan ya kwashi wannan tari ya kai Bank of British West Africa, bankin da aka kafa a 1894, wanda yau ake kira First Bank. Kayan raƙumi ashirin. Bari mu yi ɗan lissafi na kanmu. In muka ce kowane raƙumi ya ɗauki kilo 150, an sami tan uku ke nan. Sulen azurfa ɗaya nauyinsa giram 5.65 ne. In da duka sulalla ne, sun haura dubu 530, wato sama da fam dubu 26, a zamanin da kwabo ɗaya ke ƙosar da mutum a kasuwa.

Ni a ganina wayonsa ya fi fitowa a wajen rabuwa da azurfar. Tarawa kowa na iya yi in ya samu. Amma a lokacin da yawancin attajirai ba su yarda su miƙa wa Bature dukiyarsu a ba su 'yar takarda ba, shi ya hango cewa kuɗin da ke ɗaki sai an yi gadinsa, sai an ƙirga, sai an ɗauka, alhali na banki ana iya biyan kaya da shi a Legas ko Ankara mutum yana zaune a Sarari. Ya ga wuri ya mutu a hannun masu shi, ya ga liyari ya koma abin wuyan mata, ya san shi ma farin sule ranarsa na zuwa. Mu da muka ga daren 11 ga Janairun 1994, da aka karya darajar sefa gida biyu, muka kuma ga wahalar canjin takardun naira a farkon 2023, ai mun san wannan karatun.

Ƙarshen rayuwarsa

Duk da wannan dukiya, an san shi da sauƙin rayuwa da tsantseni wajen kashe kuɗi. Ya ci gaba da gyaɗa da goro da shanu da yadi, ya ɗauki nauyin mutane da dama zuwa aikin Hajji, ya jawo 'ya'yansa cikin harka tun suna samari. Da ciwo ya kama shi a 1955, ya tara su ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su wargaza abin da aka gina. Ya rasu ranar 17 ga Agustan 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

'Ya'yansa irin su Ahmadu da Sanusi da Mamuda da Aminu kowa ya yi suna. Alhaji Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya rasu a watan Yunin 2025, aka binne shi a Madina. Hajiya Mariya 'yar Sanusi Ɗantata ita ce mahaifiyar Alhaji Aliko Ɗangote.

Ragowar azurfar nan a yau

Hukumar kuɗi ta yi shekaru tana janye sulallan azurfa tana mayarwa Ingila a narke. Maƙera kuma suka cinye nasu rabon. Wannan ya sa waɗanda suka tsira da kyansu suka zama abin nema ga masu tara tsofaffin kuɗi. Su abin da suke dubawa huɗu ne: shekarar bugu, gidan da ya buga, yawan da aka buga, da lafiyar fuskar kuɗin. A sulallan Afirka ta Yamma, ƙaramin harafin H yana nufin gidan Heaton na Birmingham ne ya buga, KN kuwa gidan King's Norton.

Abin da suka fi so duka shi ne wanda zan kira bugun madubi, masu Faransanci suna ce masa belle épreuve. Ana goge hatimin bugun da farantin azurfar har su yi sheƙi, a buga a hankali fiye da sau ɗaya, sai filin kuɗin ya fito kamar madubi, zanen ya tashi raɗau. 'Yan kaɗan ake yi, domin ajiyar gidan bugu ko kyauta ga manya, ba sa shiga kasuwa. Shahararren misali shi ne dalar Amurka mai ɗauke da shekarar 1804. A 1834 aka buga ta domin kyautar sarakuna, a 1835 jakadan Amurka Edmund Roberts ya miƙa guda ga Sarkin Maskat Sa'idu bin Sultan. Duk duniya waɗanda aka sani ba su kai ashirin ba. Wannan ta Sarkin Maskat an yi gwanjonta a watan Agustan 2021 a kan dalar Amurka miliyan 7.68.

Irin wannan labari ne ke yawo a WhatsApp yana rikita mutane. Sau da yawa a nan Houéyiho ana kawo mini liyari in karanta rubutun jiki, mai shi yana murna ya ga 1780. Gaskiyar magana ita ce, tun bayan rasuwar Mariya Taresa duk liyarin da aka buga 1780 ake rubuta masa, saboda 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da Afirka shi suka sani, ba sa karɓar wani. An buga shi a Biyana da Rum da Landan da Paris da Bombay, sama da guda miliyan 300, kuma gidan buga kuɗin Ostiriya yana buga shi har yau, har da bugun madubi na masu tarawa. Don haka mafi yawan liyarin gidajenmu kuɗinsu kuɗin azurfarsu ne. Wannan ma ba abin rainawa ba ne: na gaske nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000.

Shawarata ga wanda ya gaji irin waɗannan kaya ita ce, da farko kada ya goge. Toka da lemun tsami da man goge ƙarfe suna kankare fuskar kuɗin, kuma a wajen masu tarawa baƙin tsufa ya fi ƙyallin guga daraja. Ya kai wa maƙeri a ɗora a sikeli mai auna giram: sule 5.65, fataka 11.3. Ya gwada da maganaɗisu, in ya kama to ba azurfa ba ce, ko da yake rashin kamawa bai isa shaida ba, tun da darma da tagulla ma ba sa kamawa. Wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don a rataya, ya fita daga lissafin masu tarawa, ya koma na awo. Wanda kuwa bai ji jiki ba, zanensa na nan tsaf, a naɗe shi shi kaɗai a takarda, a riƙe shi ta baki-baki, a tambayi mutum biyu ko uku kafin a sallama. Duk wanda ya ce sai ka fara biyan kuɗin rajista ko na gwaji kafin ya haɗa ka da mai saye a Turai, ka kama kanka. In kuma kayan gado ne, a sanar da sauran magada kafin a kai kasuwa, don 'yan sulalla ba su kai a ɓata zumunci a kansu ba.

Wanda bai matsu ba, ni dai ina ganin ya bar wa 'ya'yansa ko da sule ɗaya da liyari ɗaya, ya gaya musu da irinsu aka sayi goro a Salaga, aka biya fito a Djougou, aka auni gyaɗa a Kano.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan Ɗantata, ya jiƙan Tata da ta rene shi, ya gafarta wa magabatanmu baki ɗaya. Sai mun haɗu a fito na gaba, in Allah ya kai mu.